Haƙƙin Mai Bin Sawu

Ranar da Mas'udu ya ajiye aikin ɗan sanda, Wasila ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi guɗa ba. Kakin ta ɗauko ta wanke, ta goge, ta ninke, ta sa a ƙasan adaka, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Dama shi kakin ba sa shi yake ba sai ranar fareti, don ɗan sandan ciki ne, irin masu yawo da kayan gida suna binciken ɓarayi. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, daga Tsafe inda ya auro ta, zuwa Bungudu, zuwa Gusau. Yana yi yana karatu a gefe har ya tara digiri biyu. Shekara guda da yanke Zamfara daga Sakkwato, jami'ar Sakkwato ta ɗauke shi malami, yana koya wa ɗalibai yadda aikin tsaro yake da yadda ya kamata ya zama. Litinin ya tafi, Alhamis ya dawo gida Gusau.

Ita dai Wasila abin ya yi mata. Mijinta ya daina dawowa da warin caji ofis a riga, ya daina yi wa yara tambaya ɗaya sau uku don ya ga ko za su canza magana. To, bai daina duka ba, amma ya rage.

Sai dai ashe malamin jami'a ma ɗalibi ne. Sai ya rubuta wani babban kundi na bincike kafin a kira shi dakta. Da ya gaya mata abin da zai rubuta a kai, dariya ta yi har ta riƙe ciki. Wai bin sawu.

"Wannan ai ko ni sai in ba ka labari," in ji ta. "Sai an je jami'a?"

Ta san shi tun tana yarinya a Tsafe. In an sace sa ko jaki, tun da asuba ake kiran mai bin sawu, kafin awaki su fito su tattake ƙasa. Ya duƙa ya auna sawun ɓarawon da kara, ya karya karan daidai tsawonsa, ya kife sawun da ƙwarya, sannan ya bi. In sawu ya shiga ƙasar wani gari, ba ya kutsawa. A bakin gari yake tsayawa a kira masa mai gari, ya ce, ga sawu ya shigo muku, ku fitar mana da shi. In sun nuna inda ya fita, a ci gaba. In sun kasa, to kowa ya koma gida, gobe ko jibi sai a wayi gari a ga dabbar ɗaure a gindin itace. Ba a faɗin sunan kowa. Haka aka dawo wa babanta da jakinsa, kuma har ya koma ga Allah bai san wanda ya ɗauka ba, bai kuma tambaya ba.

Mas'udu ya zaga Wonaka, ya zaga Magami, da rikodarsa da littafinsa. Tsofaffi suka ba shi abin da suka sani. Amma duk inda ya zauna, maganar ɗaya ce: in kana son gindin wannan abu, sai Labbo na bayan Karakkai, shi kaɗai ya rage, kuma ya tsufa.

Asabar uku a jere yana hawa babur ya nufi Karakkai. Kowane zuwa Wasila na ƙulla masa goro a ganye, don ba a zuwa wurin dattijo hannu rabbana. Ya dawo ta tambaye shi, ya ce bai samu mutumin ba. A na ukun ne tana kakkaɓe jakarsa ta ga ƙullin goro uku kwance, na farkon har ya yanƙwane. Wanda bai samu mai gida ba ai yakan bar saƙo a gidan. Ta mai da su yadda ta same su.

Ranar Lahadi, bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, sai ga Saje Ishaya ya biyo daga coci. Tsohon abokin aikin Mas'udu ne, sun zauna bango ɗaya a barikin Bungudu, matarsa Marta ce ma ta riƙe Wasila a haihuwar fari.

"Maman Anas, ina Farfesa?"

"Farfesa yana layin mai tun da safe."

"To ya ga amfanin kaki. Da da ne, wa ya isa ya sa oga layi? Yanzu sai ya nuna musu alli su ba shi lita biyu."

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa da soyayyen naman Salla. Sai da ta bari ya cika baki, sannan ta ce, "Saje, wane ne Labbo na bayan Karakkai?"

Ishaya ya daɗe yana tauna naman nan fiye da yadda nama ke bukata.

"Oga bai gaya miki ba?"

"Da ya gaya mini zan ɓata namana a kanka?"

Ya yi 'yar dariya, ya goge hannu. Ya ce shekara goma ke nan, suna Bungudu, farkon damina. Aka sace wa wani mai hali bijiman huɗa biyu. Labbo ya bi sawu yadda ya saba, kwana biyu aka ga shanu ɗaure a bakin fadama. Amma mai shanun bai gamsu ba, shi suna yake so, ya kawo ƙara. Lokacin Mas'udu sabon sufeto ne, jini na tafasa. Ya ce ta yaya mutum zai san inda shanu suke, ya ce bai san wanda ya kai su ba? Ai sai abokin ɓarawo. Ya sa aka ɗauko Labbo aka rufe bayan kanta.

"Kwana tara," in ji Ishaya. "Ba a taɓa lafiyarsa ba, wannan zan shaida ko a gaban Allah. Tambaya ce dai safe da yamma. Shi kuma dattijon amsarsa ɗaya: sawu na bi, ban bi mutum ba. Da aka rasa abin kamawa aka sake shi. Kafin ya fito kowa ya gama shuka. Tun daga ranar, ko akuya aka sace ba ya fita."

"Yana nan lafiya?"

"Na ji an ce ƙafa ta kwantar da shi bara. Shekaru sun ja, Maman Anas."

Abin da ya tsaya mata ke nan. Kundi da dakta duk suka fita daga ranta. Mutum ya ɗauki haƙƙin dattijo shekara goma, dattijon kuwa ƙafa ɗaya na nan ɗaya na can. In ya cika bai yafe ba, sai a gaban Ubangiji, inda babu oga babu saje.

Da Mas'udu ya turo babur bayan la'asar, ta bari ya yi salla, ya ci abinci. Sannan ta ɗauko ƙullin goron nan uku ta jera a gabansa kan tabarma.

Ya dube su, ya dube ta. Shi da ya shekara ashirin yana ajiye wa mutane shaida a gaba, yau ga shi an ajiye masa.

"Ishaya ya zo," ya ce.

"Ya zo. Sau uku kana zuwa ƙofar mutum kana juyowa, Baban Anas."

"Ko ƙofar ban kai ba. Akwai wata tsamiya kafin gidan, nan nake tsayawa." Ya shafa kai. "Da wane baki zan yi masa magana?"

"Da wanda ka yi masa tambaya kwana tara."

Can ya tashi ya ɗauko takardunsa ya buɗe mata, kamar za ta iya karanta Turancin. Ya ce akwai babi guda a kan abin da ya kashe bin sawu a ƙasar nan. Ya rubuta dalili bakwai: motoci da ke kwashe shanu a kan kwalta, kotu, rasuwar tsofaffi, da sauransu.

"Na takwas ɗin ni ne, Wasila. Na sani tun ranar da na fara rubutun. Na zata in na rubuta al'adar da kyau, na nuna wa duniya amfaninta, kamar na biya shi ne."

"Shi ya iya karatu?"

"A'a."

"To ka biya takarda. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, ba ya bin littafi." Ta tattara goron. "Asabar za mu. Ba rikoda, ba littafi, ba biro. Kuma waɗannan takalman naka na sanda a bar su a gida, tun daga nesa suke gaya wa mutane ko kai wane ne."

"Za mu? Har da ke?"

"In na bar ka kai kaɗai ai tsamiya za ka ƙara gaisarwa."

Ranar Asabar ta sayo sabon goro, ta ƙulla sukari da sabulu, ta cika kwano da sauran naman Salla. Ya sa farar riga da hula da takalmin fata irin na masallaci. Suka kama hanya da hantsi, ita a baya ta riƙe kwano a cinya. Bazara ta kai maƙura, gonaki duk an share an ƙone, an zuba taki tsibi-tsibi, ana jiran sama. Suka wuce Bungudu, ya kau da kai daga wajen tsohon wurin aikinsa, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Daga Karakkai suka saki babbar hanya suka bi burtali. Da suka zo tsamiyar ta ji ya sassauta. Ta sa yatsa ta zungure shi a haƙarƙari, babur ya wuce.

Wani dogon tsoho ne zaune a bakin zaure, ya miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura, yana tufkar igiyar rama. Suka yi sallama ya amsa, amma bai dubi fuskar kowa ba. Ƙafafun Mas'udu yake kallo.

"Yau an canza takalmi," ya ce.

Mas'udu ya tsaya kamar an dasa shi.

"Asabar ukku ina ganin sawunka gindin tsamiya. Ka sauka, ka yi taku goma, ka tsaya, ka koma. Nic ce, wanga bawan Allah ko dai bashi shika biya ko gahwara shika nema, kuma ni ba ni bin kowa. Ka hwara jan ƙahwar hagu, Sufeto. Da ba ka yi."

"Gwiwa ce, Baba."

"Ta same mu duka. Zamna." Ya juyo wajen Wasila. "Ɗiyata, shiga ciki, Lantana na nan."

Wasila ta durƙusa ta gaishe shi, ta shige. Matar gidan na zaune a inuwar rumbu da faifai, tana tsince irin gero. Tsohuwa ce 'yar firit, ta ci ɗaurin ƙirji. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, ta karɓi kaya ta sa albarka, ta kawo ruwa a moɗa, amma fuskar nan babu annuri. Wasila ta ja wani faifan ta zauna ta kama tsince tare da ita. Tsakaninsu da zaure zana ce kawai, duk abin da maza ke faɗi a kunnensu yake.

Ta ji mijinta ya fara. Bai yi kwana-kwana ba, wannan ta yaba masa. Ya ce, Baba, na zalunce ka. Na rufe ka ba da laifi ba, na hana ka shuka, na sa ka bar sana'ar da ka gada. Ban zo da wata hujja ba. Ka yafe mini don Allah.

Ta ji Labbo ya ci gaba da murza igiya a cinya.

"Har yanzu kana son sunan wanda yak kore shanun?" in ji Labbo.

"A'a, Baba."

"Ƙarya kakai, kana so. Amma ka koyi haƙuri, shi ma wani abu na." Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ka san mi as sa ba mu hwaɗin suna? Ran da ka hwaɗi sunan ɓarawo, ɗan wani na, ƙanen wani na. Gobe in sawu ya shiga garinsu ba mai hitar maka da shi, kowa ɓoye nashi zai yi. Mu dabba muka nema ta koma ma mai ita. Ku mutum kuka nema. Ka yi naka yadda anka koya maka, na yi nau yadda anka koya min. Ni na yahe tun ran da nih hito, don ban iya ɗaukar kaya biyu, ga yunwar shekarar ga riƙo."

Wasila ta sauke numfashi, ta ce alhamdulillahi a ranta. Har ta fara murmushi, sai ta ji tsohon ya ƙara.

"Amma akwai wadda ban isa in yahe nata ba. Ni zamne nike cikin ɗaki kwana tara. Ita ta yi tahiyar."

Wasila ta ɗago ta dubi Lantana. Hannun tsohuwar ya tsaya a kan faifai.

"Inna," ta ce a hankali, "me aka yi miki?"

Lantana ta sunkuya kan faifai. Ta tsince tsakuwa biyu ta yar. Sannan ta fara, ba ta ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin wata.

A kwanakin nan tara, kullum sai ta tashi ta tuƙa tuwo, ta ɗora a ka, ta taka daga nan har Bungudu, ruwa ko rana. Tafiyar ba ta dame ta ba, ƙafa ai don tafiya aka yi ta. Abin da ya tsaya mata shi ne a bakin kantar 'yan sanda. In ta ajiye kwano, sai a ce ta buɗe ta ci loma a gabansu, tuwo da miya, kafin a miƙa wa mijinta. Wai kar ta sa masa guba.

"Shekara talatin ina dahwa mishi, ɗiyata. Ɗiya tara nih haihwa mishi. Ko ciwon ciki bai taɓa yi da tuwona ba. Ga maza cike da wuri, ga 'yan kallo. Ni da ko gaban surukaina ban taɓa kai hannu baki ba." Ta gyara zama. "Kuma ina azumin Sitta Shawwal. Ran hwarko nic ce ma mijinki, Sufeto, azumi nikai. Bai ɗaga kai daga takarda ba. Yac ce doka ce. Sai nic ci, don in ban ci ba Malam ba ya ci. Kwana tara bai dubi huskata ba sau guda. Da ya dube ni yac ce, Inna ki yi haƙuri, haka dokar take, wallahi da ya wuce."

Wasila ta san wannan doka. Shekara nawa tana bariki tana ganin mata na ɗanɗana abinci a bakin kanta, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Har ma ta san dalilin, an taɓa samun wanda aka kashe ta haka don kar ya tona asiri. Dalilin na kan harshenta, ta haɗiye shi. Ba wurinsa ba ne.

"Ba a kyauta miki ba, Inna," ta ce. "Ni ma ina barikin lokacin. Ƙila ma kin wuce ta ƙofata da kwanonki ban ce ki shigo ki sha ruwa ba."

Lantana ta dube ta sosai a karo na farko.

"Ke ba ki roƙa mishi?"

"Bakinsa na nan. Ni dai na kawo shi."

Tsohuwar ta ɗan yi wani sauti a hanci, tsakanin tsaki da dariya. Ta ture faifai ta miƙe.

"Rana ta yi. Tashi ki kama min, baƙi ba su komawa da yunwa ko su wane ne."

Wasila ta tuɓe mayafi ta ɗaura ɗamara. Ta hura wuta, ta yi talge, Lantana ta kaɗa miyar kuka da daddawa da ɗan naman da aka kawo. Da aka zo tuƙi Wasila ta karɓi muciya, don dawa ce, tana son ƙarfi. Suna yi suna 'yar hira, ta tambaye ta 'yan Tsafe na wane gida, ashe ma ta san wata gwaggonta da ta yi aure a Bungudu. A zaure kuwa maganar ta mutu. Wasila ta san mijinta ya ji komai, zanar da ta kawo musu maganar maza ita ta kai wa maza tasu.

Da aka kwashe, Wasila ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon maza. Lantana ta ce a'a. Ta yafa zane, ta ɗauka da kanta, ta nufi zaure. Wasila ta bi ta da ruwan wanke hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Mas'udu na durƙushe, ya cire hula ya ajiye a gefe. Lantana ta dire kwano a gabansa, ta buɗe, tururi ya tashi. Ba ta koma ba. Ta tsaya a kansa.

"Sufeto, in ɗanɗana?"

Mas'udu ya ɗago kai ya dubi tsohuwar, ya daɗe yana dubanta, idonsa ya cika.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban tuna fuskarki ba. Na tuna Baba, na tuna shanun, na tuna har lambar fayil ɗin. Ke ban tuna ba. Mata da yawa na sa haka, ban san adadinsu ba, kuma ban taɓa ɗaga kai ba. Shekara goma ina jin nauyin Baba, ban ma san akwai naki ba. Ki yafe mini."

Bai jira amsa ba. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma daga tsakiyar tuwon inda ya fi zafi, ya dangwali miya ya kai baki. Ya ƙara. Ya ƙara. Hawaye na zuba, Wasila ba ta san na zafin tuwo ne ko na wancan ba, ƙila duka biyun.

Lantana na tsaye tana kallo har loma ta biyar.

"Ci sannu, da zahi," ta ce. "Daga gehe aka hwarawa. Ba a koya maka ba?"

Labbo ya jawo kwanon wajensa. "Bar min nau, Sufeto. Gahwara kaz zo nema ko tuwona?"

Tsohuwar ta tsuguna a bakin ƙofa kusa da Wasila, ta gyara zanenta.

"Ɗiyar nan ta ce yanzu malami kake. Yara kaka koya ma aikin?"

"E, Inna. Wasunsu za su shiga aikin, wasu suna ciki."

"To ka hwaɗa musu. Ban ce a bar doka ba, ni ban san doka ba. Amma in mace ta kawo tuwo, su ɗaga kai su dube ta."

"Zan faɗa musu. Da sunanki, in kin yarda."

"A'a, mu nan ba mu hwaɗin suna." Ta miƙe tana dafa bango. "Na yahe maka, duniya da lahira. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Suka ce amin. Wasila ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta juya ta goge ido da bakin zane, ta bi tsohuwar ciki, don nasu tuwon na can yana hucewa.

Suna ci suna jin Labbo ya ɓalle da magana. Ya sa Mas'udu ya zaro masa kara daga zana, yana nuna masa yadda ake gane sawun mai gudu da na mai ɗauke da kaya, da yadda ɓarawo ke sa takalmi a juye don ya ruɗa mai bi, amma nauyin dunduniya ya tona shi. Can sai ga Mas'udu ya leƙo ta kan zana, yana laluben aljihu.

"Wasila, ko da ɗan guntun fensir a jakarki?"

"Babu. Riƙe da ka, yadda shi ya riƙe."

Suka ji tsohon na cewa ya bari, ba yau aka ƙare ba. Ya dawo Asabar tun da asuba kafin awaki su fito, ya zo da akwatin maganar tasa in yana so. In kuma ruwa ya sauka kafin nan, to ya zo da sungumi, don ƙafar ba ta barinsa shuka, sai su yi karatun a gona.

Lantana ta tura wa Wasila tsokar nama gabanta.

"Ya iya shuka kuwa?"

"Ina fa, Inna. Ɗan birni ne, tun yana yaro yake makaranta."

"To ki biyo shi. In an bar su su biyu, gurgu da ɗan boko, bana ma ba mu cin gero."